Uwar Ɓawo da Tafin Gishiri Ɗaya

Haihuwa da asali

An haifi marigayiya, wadda jama'a suka fi sani da laƙabin Uwar Ɓawo, a ranar goma sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 1954, a wani ƙaramin gari da lambunan lemo suka kewaye shi gabas da yamma, har baƙo kan ji ƙamshinsu tun motarsa ba ta shiga tasha ba. Mahaifinta mai gyaran injinan ban ruwa ne, mutum mai ƙarancin magana wanda baƙin mai ba ya rabuwa da farcensa. Mahaifiyarta kuwa, wadda kowa ke kira Inna har da waɗanda suka girme ta, sana'arta ita ce matse lemo da sayar da ruwansa a bakin tashar. 'Ya'ya biyu Allah ya ba su, dukansu mata: babbar, wadda marigayiya ke kira Yaya kuma ta girme ta da shekara huɗu, sai ita.

Inna tana da wata ɗabi'a a wurin sana'arta. Idan ta yanka lemo da safe alhali ba za a matse shi ba sai da rana, takan tsoma shi a kwanon ruwa ta watsa masa gishiri tafi ɗaya, wai don kada ya yi yaushi ko launinsa ya dushe. Ba ta taɓa aunawa ba, ba ta kuma taɓa cewa yara su koya ba. Hannu ne ke yi, baki yana can yana ciniki ko yana faɗa da direbobi. 'Yan matan nan biyu suka ɗauki abin kamar yadda suka ɗauki tafiyarta, ba tare da sun san sun ɗauka ba. Wajibi ne a ambaci wannan tun daga farko, domin marigayiya ta bar wa 'ya'yanta wasiyya da bakinta cewa duk wanda zai rubuta tarihinta, in zai tsallake gishirin, to ya ajiye alƙalaminsa ya je ya nemi wani aiki. Wannan tafin gishiri ne ya zubar wa mijinta da suna har shekara tara, kuma ita ce ta zuba shi.

Neman ilimi

An sa ta makarantar firamare a shekarar 1961, ta kuma shiga sakandaren 'yan mata a 1968. Malamanta sun shaide ta da kaifin fahimta da kuma taurin kai, kuma ba su taɓa yin ittifaƙi a kan wanne ya fi yawa ba. Tana aji uku ne malamin kimiyya ya kawo musu ƙwan fitila da batir da waya biyu, ya tsoma wayoyin a kofin ruwa, ƙwan ya ƙi kamawa. Da ya barbaɗa gishiri a ruwan sai ga haske, ya kuma bayyana musu cewa ruwan gishiri yana buɗe wa wutar lantarki hanya fiye da ruwa zalla nesa ba kusa ba. A jarrabawar ƙarshen shekara ita kaɗai ce a ajin ta ci wannan tambaya cif. A lura da wannan ma, don kada wani ya ce jahilci ne ya jawo abin da ya faru daga baya.

A 1973 ta samu gurbi a kwalejin kimiyya da fasaha, sashen sarrafa abinci. Mahaifinta ne ya ɗaura mata akwatin ƙarfe a bayan kekensa ya raka ta tasha, kuma iyakar nasihar da ya yi mata ita ce ta riƙa rubuta duk abin da ta yi, domin shi ya sha kwance inji ya manta inda ƙusa ta fito. Ta kammala a watan Yuni na 1976 da sakamako mai daraja ta ɗaya.

Fara aiki

A watan Satumba na wannan shekarar ta kama aiki a masana'antar ruwan lemo da ke bayan garinsu, a matsayin ƙaramar ma'aikaciyar ɗakin gwaji. Ɗakin tsukuku ne, tebur biyu da famfo ɗaya da taga ɗaya, tagar kuwa ba abin da take kallo sai tulin ɓawon lemo da ake jibgewa a bayan gini, ƙudaje na shagalinsu. Aikinta shi ne auna zaƙi da tsami, da ɗanɗana ruwan kafin a ɗura shi a kwalba.

Abubuwa biyu suka tsaya mata a rai tun shekarar farko. Na ɗaya, sai an dafa ruwan lemon kafin a ɗura don a kashe ƙwayoyin cuta, zafin kuma yana tafiya da ɗanɗano da wani kaso na bitamin, har ita da ta tashi a kan ruwan lemon Inna takan ce abin da suke sayarwa ɗan uwan ruwan lemo ne na nesa. Na biyu shi ne tulin nan, domin ta san ɓawo yana ƙunshe da sinadaran da ke taimaka wa jiki wajen kare kansa daga lalacewa, ga shi kuma ana biyan mota ta kwashe shi zuwa juji. Ta shiga kwasar ɓawo a jaka tana kai wa gida, ta shanya, ta daka, ta jiƙa, ta tace, ba ta samun abin kirki. Direbobin motar shara ne suka laƙaba mata Uwar Ɓawo don tsokana, sunan kuma ya bi ta har manaja ya riƙa kiran ta da shi a taro. A 1978 Yaya ma ta samu aikin girki a ɗakin cin abincin ma'aikata, sai ya zama hutun rana tare suke yin sa.

Aure da iyali

Mai gyaran wutar masana'antar wani dogon saurayi ne da ake kira Mai Waya, wanda aka sani da cewa in ya haɗa waya ba a sake kiran sa a kanta. Ya fara zuwa ɗakin gwaji ne saboda fis ɗinsu yana yawan ƙonewa. A zuwa na uku ya tarar ta cusa na'urori uku a soket ɗaya, ya yi mata faɗa kamar ya samu 'yar makaranta, ita kuma ta ba shi amsa daidai da shi. Bayan shekaru da yawa ta amsa a gaban 'ya'yanta cewa ƙonewa ta huɗu da ta biyar da gangan ta yi su. An ɗaura musu aure a watan Disamba na 1979.

Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu: namiji a 1981, mace a 1984, wani namijin a 1986 wanda ya koma yana da wata bakwai, sai auta, mace, a 1988. Gidansu ɗaki uku ne da falo da baranda, kuma duk wayar da ke cikinsa maigidan ne ya ja ta da hannunsa. A bangon falo, sama da rediyo, ya rataya takardar shaidarsa ta aikin lantarki a cikin gilashi, yana goge ta duk ranar hutu, marigayiya kuma tana yi masa ba'a cewa ita ba ta samun rabin wannan kulawa.

Ƙera na'ura

A shekarar 1993 aka tura ta wani taron ƙara wa juna sani, inda ta ji wani malamin jami'a yana bayanin wata hanya da ake gwadawa a lokacin. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne: lemo da ɓawonsa an gina su ne da 'yan ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, ruwa da sinadarai suna kulle a ciki, idan aka sa su tsakanin faranta biyu na ƙarfe aka buga musu wutar lantarki mai ƙarfi, bugu gajere wanda bai kai ƙiftawar ido ba, sai bangon ɗakunan ya huhhuje, ta yadda in an zo matsa abin da ke ciki zai fito a sauƙaƙe, kuma ba tare da an dafa komai ba. Ta dawo gida ko mayafi ba ta ajiye ba ta fara zayyana wa Mai Waya. Ita ba ta san kan wuta ba, shi bai san kan ɓawo ba, don haka teburin cin abincinsu ya koma wurin zane, har yara suka saba da cin abinci a baranda.

Sai a 1996 manaja ya ba su wani tsohon ɗakin ajiya, ya ce su yi abin da za su yi amma kada su ƙona masa masana'anta. Mai Waya ya ƙera akwatin ƙarfe mai tsayin ƙugu, a samansa wata 'yar tukunya mai murfi da faranta biyu a ciki, inda ake zuba ɓawo ko yankakken lemo a cika da ruwa. Daga nan zuwa farkon 1998 sun yi gwaji arba'in da ɗaya, kuma a kowanne ɗauko ɓawon ake yi kai tsaye daga bakin injin matsa, a ɗauraye da ruwan famfo, a zuba nan take. Sakamakon ya faranta musu rai matuƙa: lemon da aka buga wa wuta ya fi ba da ruwa, ruwan ya fito da sanyinsa da ƙamshinsa, ɓawon kuma ya saki sinadaran da ta shekara ashirin tana lallashinsa ya saki. Duk wannan ta rubuta shi dalla-dalla a wani littafi mai shuɗin bango, kamar yadda mahaifinta ya hore ta.

Ranar gwaji a gaban shugabanni

An tsayar da ranar Alhamis, goma sha huɗu ga watan Mayu na 1998, don shugabannin kamfani su zo su gani da idonsu. An ce za su iso da ƙarfe goma na safe, saboda haka tun tara marigayiya ta zaɓi ɓawo mafi kyau ta yayyanka. Goma ta wuce, sai ga saƙo cewa sai ƙarfe uku. Ta dubi ɓawon ya fara yaushi, ga manyan baƙi na tafe, ba ta so su ga abu a yamutse. Ta tsoma shi a kwanon ruwa, ta leƙa kicin wurin Yaya suna hirar takalmin da za ta sa, ta ɗebo gishiri tafi ɗaya ta dawo ta watsa, tunaninta yana can wurin jawabin da za ta yi. A littafi ta rubuta abin da ta saba rubutawa: ɓawo da ruwa.

Da ƙarfe uku da minti ashirin aka juye ɓawon da ruwansa a tukunyar. Mai Waya ya dafa murfin da hannun dama kamar yadda ya saba, ya danna maɓalli da hagu. Aka ji ƙara kamar an fasa dutse, farin haske ya cika ɗakin, murfin ya tashi, shugabanni suka yi rige-rigen ƙofa. Mai Waya ya yi sati biyar a asibiti, ya fito da tabon ƙuna daga tafin hannu zuwa wuyan hannu, yatsu biyu kuma sun sandare ba sa lanƙwasuwa.

Kwamitin bincike na mutum uku ya zauna a watan Yuli. Sun buɗe akwatin suka tarar da wayoyi sun narke, suka yanke cewa haɗin waya ne bai ɗauru ba. Sun tambayi marigayiya abin da ke cikin tukunyar, ta buɗe littafinta ta karanta musu, ta kuma rantse, kuma iyakar saninta gaskiya ta faɗa. A watan Agusta aka sallami Mai Waya daga aiki, hukumar da ke ba da lasisi ta soke nasa, aka garƙame ɗakin na'urar da kwaɗo.

Shekaru tara

Abin da ya fi ciwo shi ne Mai Waya bai yi musu ba. Ya ce tunda sau arba'in da ɗaya ɓawo da ruwa ba su yi komai ba, to hannunsa ne ya yi sake a na arba'in da biyu. Ya sauke takardar nan daga bango da kansa, wurin ya bar alamar fari mai kusurwa huɗu wadda aka yi fenti sau biyu ba ta ɓace ba. Ya kafa 'yar rumfa a ƙofar gida yana gyaran kwaɗo da laima da tocila, duk abin da ba ya haɗuwa da wutar bango. In soket ya lalace a gidan sai a kira ɗaya daga cikin waɗanda shi ya koya wa aiki, shi kuma ya sa takalmi ya fita har sai an gama. Fitilar baranda ta mutu a 1999. Ita ce waya ta farko da ya ja a gidan, bai gyara ba, marigayiya kuma ba ta iya kiran wani ya taɓa ta ba, haka aka bar ta.

Ita kuwa aiki ya ci gaba da yi mata kyau, har aka naɗa ta shugabar ɗakin gwaji a 2002. Ta riƙe gidan, ta riƙe shi, ba ta taɓa yi masa gori ba ko da wasa. Kullum tana ba shi baki cewa ɗan Adam ajizi ne, kowa yana kuskure, ita dai ta yafe masa ɓarnar aikinsu na shekara biyar. Maƙwabta suna yaba haƙurinta, kuma gaskiyar magana ita ma tana jin daɗin yabon, abin da daga baya ta ce ya fi komai ba ta kunya. Da auta ta samu gurbin karatun injiniyan lantarki a 2006, uban bai hana ba, iyaka ya ce mata ta roƙi Allah kada ta gaji hannunsa.

Bayyanar gaskiya

Wata ranar Asabar a watan Fabrairu na 2007, Yaya, wadda ta riga ta yi ritaya, ta kawo musu ziyara da hantsi. Marigayiya tana kicin tana yanka lemo saboda jikoki za su zo da la'asar. Ta tsoma shi a ruwa, ta miƙa hannu ta ɗebo gishiri ta watsa, tana ba da labarin ciwon gwiwarta. Yaya ta tuntsire da dariya.

"Ke dai Inna ba ta mutu ba. Ko ranar nan da manya za su zo kallon injinku, ba sai da kika shigo mini kicin kika kwashi gishirina ba? Ina cewa ki sa baƙin takalmi, kina cewa ja."

Wuƙar ta suɓuce daga hannun marigayiya. Ta ce Yaya ta maimaita, Yaya ta maimaita, har da kwanon da gishirin yake ciki. Nan take ajin nan na sakandare ya dawo mata, da kofin ruwa, da ƙwan fitilar da ya kama. Ta zauna a kan buhun shinkafa, Yaya kuwa sai fifita take yi mata tana tambayar ko jiri ne.

Ba ta faɗa wa kowa ba a ranar. Da safiyar Litinin ta kulle kanta a ɗakin gwaji, ta jiƙa ɓawo a kofi biyu, ɗaya da ruwa zalla, ɗaya da gishiri gwargwadon abin da tafinta ke ɗauka, ta tsoma ma'aunin da ke nuna yadda ruwa ke ba wuta hanya. A kofi na biyu allurar ta tafi har ƙarshe ta jingina. Ma'anar wannan ita ce a ranar gwajin wuta ta kwarara ta cikin tukunyar fiye da abin da aka ƙera na'urar ta ɗauka, ko da kuwa wane gwani ne ya haɗa wayar. Kwana uku tana juya abin a ranta. Ta tuna muƙaminta, ta tuna rantsuwar da ta yi a gaban kwamiti, amma ba su ne suka hana ta cin abinci ba. Abin da take tsoro shi ne idon mutumin da ta shekara tara tana yafe wa laifinta.

Ranar Alhamis da tsakar rana ta bar ofis ta dawo gida, ta same shi a rumfa yana fama da wata laima. Ta zauna a bencin masu jira, ta ajiye littafin mai shuɗin bango a gabansa.

"Malam, ba haɗinka ba ne. Na zuba gishiri a ruwan ɓawon nan. Ni ce."

Ya ajiye laimar. Ya tambaye ta nawa ta zuba, ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa. Ya tambayi ko da ruwan aka juye a tukunya, ta ce da shi. Ya shiga lissafi, leɓensa na motsi, kamar yadda yake yi a da a kan teburin cin abinci. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana jiran duk abin da zai biyo baya, ta riga ta shirya wa faɗa, ta shirya wa abin da ya fi faɗa. Sai ta ji ya ja wani dogon numfashi. Ta ɗago ta ga ya ɗaga hannun nan mai tabo yana juya shi, hawaye na bin gemunsa.

"Ashe lafiyarka lau," ya ce wa hannun. "Shekara tara ina zagin ka."

Ta fara ba shi haƙuri, ya ce ta dakata tukuna, ina sukudirebansa mai jan hannu. Ta ce yana cikin akwatin da ke ƙarƙashin gado inda ya jefa shi. Ya ɗauko, ya jawo kujera baranda, ya kashe wutar gidan, ya hau. Da yatsu uku da taimakon hagu ya kwance fitilar, ya yanke wayar da ta ci, ya sake haɗawa, ya sauko ya kunna. Ta kama, da rana tsaka, rana na dukan ƙasa. Wani maƙwabci da ke wucewa ya tambaya ko kuɗin wuta ne ya yi musu yawa, Mai Waya ya ce a bar ta haka. Sai bayan nan ya juyo ya ce mata maganar haƙuri ta wuce, amma daga yau shi ma zai riƙa tuna mata cewa ɗan Adam ajizi ne, safe da yamma, har shekara tara. Marigayiya ta ce a ranar ce ta fara cin abinci ta ji ɗanɗanonsa tun Asabar.

Wanke suna

A cikin makon ta rubuta wa kamfani da hukumar lasisi takarda mai shafi huɗu, ta bayyana komai ba tare da ta rage wa kanta ko ɗigo ba, Yaya ta sa hannu a matsayin shaida tana mita cewa ita daga tsokana ta tsinci kanta a gaban hukuma. An ɗauki wata goma sha uku ana kai da kawowa. A ƙarshe aka buɗe ɗakin ajiyar, Mai Waya ya sake haɗa na'urar bisa zanensa na asali, aka ƙara mata abin yanke wuta da shingen kariya, aka yi gwaji biyu a gaban sabon kwamiti. Da ruwa zalla ta yi aikinta lami lafiya. Da ruwan gishiri, abin yanke wutar ya faɗi tun a bugun farko. A watan Maris na 2008 aka mayar masa da lasisinsa tare da takardar ban haƙuri.

Marigayiya ta miƙa takardar sauka daga shugabancin ɗakin gwaji, kamfani ya ƙi karɓa, ya ba ta takardar gargaɗi a maimakon haka. Ta kai aka sa mata ita a gilashi, ta rataya a falo kusa da takardar mijinta, wadda ta koma daidai kan farar alamar nan. Baƙi da yawa sun taya ta murna a kan takardar kafin su karanta abin da ke ciki.

A 2009 masana'antar ta fara amfani da babbar na'ura da aka gina bisa wancan zane, Mai Waya yana mai ba da shawara. Ruwan lemonsu ya ƙaru, tulin bayan taga ya ragu har aka shuka furanni a wurin, ɓawon kuma ya koma abin da ake tatsar sinadarai daga cikinsa. Marigayiya ta kafa ƙa'ida cewa ba a danna maɓalli sai an tsoma ma'auni a ruwa, ta kuma ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar da ma'aikata ke cikewa, inda ake tambayar mutum abin da hannunsa ya zuba wanda bai ɗauke shi a bakin komai ba. Sababbin ma'aikata sukan yi wa layin dariya har sai an ba su labarinsa.

Ƙarshen rayuwa

Ta yi ritaya a shekarar 2014, bayan shekara talatin da takwas tana aiki a wuri ɗaya. Yaya ta rasu a 2015. Mai Waya ya bi ta a watan Nuwamba na 2016, bayan ya yi shekara takwas yana jan waya a gidajen unguwa, sau da yawa ba ya karɓar ko sisi, don dai a kira shi. Tun kafin nan, saura 'yan watanni ƙalilan ya cika shekara taran da ya yi alkawarin tsokanarta, sai ya ce ya yafe sauran. Marigayiya ta ci gaba da zama a gidansu, tana shan iska a baranda, tana matsa wa jikoki lemo da hannu, kuma ba ta daina watsa gishiri a kwano ba. Bambancin kawai shi ne yanzu takan faɗa da ƙarfi cewa ga shi ta zuba, kowa ya shaida.

Allah ya yi mata rasuwa da safiyar ranar biyu ga watan Oktoba na shekarar 2023, tana da shekara sittin da tara, bayan gajeriyar jinya a gidanta. An yi jana'izarta a ranar, aka binne ta a maƙabartar da mijinta da ɗanta suke, kuma ma'aikatan masana'antar, tsofaffi da sababbi, sun halarta da yawansu. Allah ya jiƙan ta, ya jiƙan waɗanda suka riga ta.

Ta bar 'ya'ya uku da jikoki goma sha ɗaya. Babban ɗanta malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Mai bi masa ma'aikaciyar jinya ce. Auta injiniyar lantarki ce, ita ce ke kula da na'urar masana'antar a yau, kuma a hannunta sukudireba mai jan hannu da littafin nan mai shuɗin bango suke. A shafin ranar goma sha huɗu ga Mayu na 1998, inda aka rubuta ɓawo da ruwa da tawadar da ta riga ta koɗe, akwai ƙarin rubutu a ƙasa da wata tawadar daban, da hannun marigayiya: "Da gishiri tafi ɗaya. Ni na zuba. Haɗin wayarsa ba shi da aibu."